Gaurakan da Ka Saya Mini

Samaru, Zariya
Lahadi, 15 ga Oktoba, 2006

Zuwa ga Nonso, hasken idona, sanyin safiyata, ruwan farko na damina da ke tayar da ƙamshin ƙasa. Zuwa ga wanda zuciyata ta zaɓa ba tare da ta nemi shawarata ba, wanda kuma da zan same shi kusa da ni yau, da na murɗe masa kunne har sai ya kira sunan mamansa!

Ina gaishe ka, don ba a koya mini fara wasiƙa babu gaisuwa ba, amma kada ka ɗauka na huce. Ban huce ba! Kwana tara ke nan wayata tana ruri, sunanka yana fitowa, ina kallonta har ta gaji ta yi shiru. Na san in na ɗauka muryarka za ta yi mini abin da ta saba. Za ka kira ni Suzi, ka ja ƙarshen sunan yadda kai kaɗai ka iya, ka yi 'yar dariyar nan taka, ni kuma in nemi fushina in rasa. To, wannan karon ina bukatar fushina. Shi ya sa na ɗauko biro da takarda, don takarda ba ta dariya.

Ka tuna ranar da na fara shiga shagonka a PZ? Batirin kyamara nake nema, irin ɗan mitsitsin nan mai kama da maɓallin riga, na zagaye Sabon Gari kaf ban samu ba. Kai ma ba ka da shi, na gani a idonka. Amma ba ka ce babu ba. Ka jawo mini benci, ka ce in zauna kana zuwa, ka fita da gudu ka bar ni da rediyoyi da fitilu, bayan ɗan lokaci sai ga ka gumi sharkaf, batirin a tafin hannunka. Daga baya ka faɗa mini abin da babanka ya koya maka tun kana ƙarami a bakin wannan shagon: ba a ce wa mai saye babu, in ba ka da abu ka tafi ka nemo shi a wurin maƙwabci. A ranar na ji na so wannan halin naka. Ashe shi ne zai zo ya sa ni kuka!

Nonso, kai shaida ne. Shekara biyu cur nake zuwa bakin dam ɗin jami'a duk Asabar da sassafe, da tsohuwar kyamarar da kawuna ya bar mini. Sauro ya cije ni, ƙaya ta yage mini zani, taɓo ya cinye mini takalmi har biyu. Na ɗauki zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai tunanin duniya, na ɗauki balbela a bayan shanu, na ɗauki shamuwa farkon saukarta, na ɗauki cilakowa da bakinta da ya fi ƙarfinta. Amma tsuntsu ɗaya ne nake kwana da shi nake tashi da shi, kuma ka sani: gauraka. Malam Sati, tsohon malamin makarantar nan da ya kafa 'yar ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoton tsuntsaye, shi ya sa mini wannan ciwon. Ya ce yana saurayi yakan ga gauraki a fadamun nan suna rawa bibbiyu, amma ya fi shekara ashirin rabon da ya sa su a ido. Ka kuma san dokarmu, don sau nawa kake raka ni shagon Felix mai wanke hoto, inda muke taruwa muna liƙa hotunanmu a allo? Doka ɗaya ce tal: ba a liƙa tsuntsun keji, ba a liƙa tsuntsun da aka ɗaure. Wanda Allah ya kawo da fuka-fukansa, shi ake ɗauka.

Sai Asabar ɗin nan, mako uku da suka wuce. Kai da nake fama da kai kafin ka tashi, ranar kai ka riga ni, kana ta danna mini hon ɗin babur a ƙofar gida. Da muka isa ka ce yau mu bi ta gefen yamma, wajen dogayen ciyayi, wai jikinka ya ba ka. Jikinka ya ba ka! Ni kuwa wawiya na bi ka. Muna kewaya wani ɗan tudu sai na gan shi tsaye a bakin ruwa, rana tana fitowa ta bayansa, tukkun kansa ya kama haske kamar an kunna masa wuta, kumatunsa fari da ja, wuyansa dogo. Na durƙusa cikin taɓo, na dinga dannawa har fim ɗin ya ƙare, hoto talatin da shida, duk nasa. Na matsa kusa, bai tashi ba. Na ƙara matsawa, ya ɗan ja da baya da ƙafa kawai. Na ce a raina Ubangiji ne ya dubi wahalata. Da na juyo na rungume ka ina hawaye, kana murmushi bakinka har kunne, na ɗauka murnata kake tayawa. Ban taɓa son ka kamar wannan safiyar ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Na kai wa Felix fim ɗin tun kafin ya gama buɗe shago. Asabar ta gaba na liƙa hoton a tsakiyar allo, mutane suka yi ta tafa mini. Na shiga shagon intanet na nan Samaru, na aika wa masu son tsuntsaye da muke musayar hotuna da su, har da na Jos da na ƙasashen waje, na rubuta musu da alfahari cewa gauraka ya dawo Zariya. Malam Sati kuwa cire tabaransa ya yi, ya goge, ya mayar, ya tsaya gaban hoton ya ƙura masa ido. Tambaya ɗaya ya yi, ko na ga ɗan uwansa a kusa, don shi a saninsa gauraka ba ya yawo shi kaɗai. Na ce ban gani ba. Washegari tsohon nan mai ciwon gwiwa ya hau kekensa ya nufi dam, kuma kullum sai ya je. Kana wurin lokacin da ya yi tambayar, Nonso. Kana jingine da ƙofa kana cin gyaɗa. Me ya hana ka magana?

Felix ne ya ce zai buga mini hoton babba kyauta, in rataye a ɗaki. Ranar Alhamis ya kira ni, muryarsa wani iri, ya shigar da ni ciki inda babu kowa, ya shimfiɗa hoton a tebur ya ɗora yatsa a kan fiffiken hagu. Dogayen gashin fiffiken duk an datse su, a miƙe ɗoɗar, aikin almakashi. Ya sauke yatsan zuwa ƙafa, ga shatin igiya nan zagaye, inda fata ta goge. Ni da nake koyar da ilimin halittu a sakandare, ni da nake ce wa ɗalibai su buɗe ido su duba da kyau, na durƙusa gaban tsuntsun da aka yanke wa fiffike na ɗauke shi sau talatin da shida ban gani ba! Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Nan take kuma na tuna hon ɗin babur, na tuna gefen yamma, na sha jinin jikina.

Ban ko koma gida ba, na hau acaɓa zuwa dam. Na tarar da keken Malam Sati a jingine da bishiya, shi kuma yana cikin ruwa har gwiwa, da sanda a hannu, yana korar karnuka biyu. Gaurakan yana maƙale cikin ciyawa, ya rame, ƙirjinsa duk ƙashi, cinyarsa da jini, tukkun nan da na yi wa hawaye ya kwanta da taɓo. Kwana goma sha biyu ya yi a wurin, ba ya iya tashi, ba ya iya gudu mai nisa. Ka ajiye shi don safiya ɗaya, ka samu rungumarka, ka hau babur ka tafi! Ka taɓa waiwayarsa? Ka taɓa tambayar kanka abin da zai ci, ko abin da zai cinye shi?

Ranar Juma'a na zo shagonka da babban hoton a naɗe, ina addu'a a hanya ka musa, ka rantse, ka yi fushi da na zarge ka. Da ka musa ma da na yarda, don haka nake son ka. Amma dariya ka yi. Ka ce ka gaji da ganina ina dawowa hannu wofi, ka ce ka yi ta cigiya a kasuwa har aka haɗa ka da wani mai sayar da tsuntsaye, ka ce ai tsuntsun ruwa ne, ka ɗauka zai ji daɗin wurin. Sannan ka ƙara da maganar da har yanzu take ƙona ni, wai ai hoton ya yi kyau, wa zai sani? Ni zan sani, Nonso! Ni ba mai saye ba ce, dam kuma ba shagon maƙwabcinka ba ne. Da gauraka kawai nake so in gani, ai na san gidajen masu hali da ke kiwonsa a tsakar gida, da tuni na je na leƙa. Abin da nake jira shi ne ranar da zai sauko da kansa, don ya ga dama. Wannan jiran nawa ne, ina jin daɗinsa har da sauron da taɓon, kai kuma ka shigo ka yanke mini shi da almakashi.

Ya kai sanyin idona, yaya zan yi da kai? Yaya mutum zai yi fushi da hannun da ya riƙe masa laima a kan kyamara, shi ruwa yana dukansa? Na san ba mugunta ce ta sa ka ba. Na san ka rufe shago, ka bar ciniki, ka yi yawon cigiya cikin rana, duk don ka ga haƙorana. Wannan ne ya sa fushin ya ƙi tafiya, don in na kama shi ta nan sai in tarar da ƙauna a ciki. Amma tsoro ya shige ni, kuma gara in faɗa maka. In mun yi aure, ranar da wani abu ya gagara a gidanmu, ranar da amsar gaskiya ita ce babu, za ka dube ni ka faɗa mini? Ko za ka jawo mini benci, ka fita da gudu, ka dawo da abin da ya yi kama da shi?

Asabar ɗin da ta biyo baya na tsaya gaban 'yan ƙungiya na cire hoton daga allo da hannuna. Na gaya musu tsuntsun saye ne, an yanke masa fiffike, ban sani ba amma ya kamata in gani. Na koma shagon intanet na aika saƙo na biyu, na janye maganata. Ban ambaci sunanka ba ko sau ɗaya, ko da yake Felix ya kalle ni ya kalli ƙofar da ka saba jingina. Malam Sati bai yi mini faɗa ba, ya dai ce yanzu ya san har yanzu ba su dawo ba. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Gaurakan kuwa tun ranar Alhamis ɗin ni da Malam Sati muka ɗauko shi, yana gidanmu, a bayan kicin, mun kewaye masa wuri da zana. Likitan dabbobi ya duba shi, ya ɗinke cinyar, ya ce Allah ya sa gashi kawai aka yanke, ƙashin fiffiken lafiya lau. Sabon gashi zai fito in ya zubar da tsohon, amma bai san yaushe ba, wataƙila shekara, wataƙila fiye. Kowace safiya yana miƙa wuya sama yana kuka, yana kiran wanda aka raba shi da shi, babu mai amsa masa sai zakaran maƙwabta.

To, ga hukuncina, kuma na riga na gaya wa babanmu. Mutanenku da za su zo a watan Disamba a sa rana, su dakata. Ban fasa ba, ka ji ni da kyau, ban fasa ba, kuma babu wani namiji a Zariya ko a wajenta da zan duba. Amma duk Asabar da sassafe ina so in ji babur ɗinka a ƙofar gida, ban da hon. Ka zo da dawa da fara. Kai za ka share masa wuri, kai za ka sauya masa ruwa, sannan ka zauna kusa da ni a kan benci, bakinka a rufe, mu jira. In mutane sun tambaye ka ranar aure, ka ce musu babu tukuna, ka ji yadda kalmar take a baki. Ba ta kisa.

Ranar da fiffiken ya cika, za ka rufe shago, mu ɗauke shi zuwa fadamun can arewa inda aka ce 'yan uwansa suna nan. Kai za ka buɗe masa kwandon. Na sa sabon fim a kyamara, na ajiye ta a akwati, ba zan danna ta ba sai ranar. In ya tashi, ko hoton ya yi kyau ko ya yi duhu, ko ƙafarsa kawai na kama a gefe, shi zan liƙa a allo, shi kuma za mu rataye a ɗakinmu. A daren ranar ka kira mutanenku.

Ga babban hoton nan na naɗo maka tare da wasiƙar, Felix zai ba ka. Kada ka kalli tukkun, kowa ya riga ya yaba shi. Fiffiken hagu za ka kalla.

Taka a cikin fushi, taka in na huce, taka ko gashin nan zai kai shekara uku bai fito ba, don na iya jira, kai ma ka sani,

Susanna