Kada a Sare Kurmin Bayan Gona

Da sunan Allah. Ina rubuta wannan da cikakken hankalina, ko da yake babanku zai ce macen da ta ƙona tukunya tana kukan jarumin littafi ba ta da bakin faɗin haka. Gobe za a yi mini tiyata a ciro ƙaraminku. Likita ta ce babu abin tsoro, amma a littattafaina duk wadda aka faɗa wa haka sai ta bar wasiyya. Ga tawa, gare ki 'yar fari, da kai mai shurina yanzu haka.

1. Littattafan da ke akwatin ƙarƙashin gado a ajiye miki, 'yar fari, sai kin girma. Mai yagaggen bangon na matar tela ne. A mayar mata, a ce ƙarshensa bai yi mini ba.

2. Gashin kazar da nake alamar shafi da shi, kada a yar. Shekarar da na tare, babanku ya yi feshin maganin ƙwari a gonarsa da safe, furen kankana a buɗe. Ƙudan zuma suka ɗauke ƙafa. Fure ya yi ta zuba babu ɗa, masu sari suka fara komawa da motocinsu wayam. Da gashin nan muka bi gona a durƙushe, muna shafo namijin fure muna shafa wa macen. Ni na ga soyayya, shi ya ga ciwon baya. Tun daga nan sai rana ta yi sanyi yake feshi, shi ma in ya kama dole.

3. Kurmin bayan gona, wanda na gada wurin mahaifina, shari'a za ta raba muku shi. Roƙona ɗaya: kada a sare. Can ƙudan suka koma suka sake yawa. Can mujiyar da ke rage mana ɓeraye take kwana, da kwaɗin da ke cinye ƙwari suna hana ni karatu da waƙarsu. Ba su taɓa neman ladan aiki ba.

4. Baffanku mai shagon kayan marmari yana son a share kurmin ya gina sito, har sun daina gaisawa da babanku. A ba shi wuri a bakin hanya. A tuna masa cikin ladabi cewa in kurmi ya tafi, sitonsa iska zai ajiye. Sannan su ci abinci a kwano ɗaya, ku zauna a tsakaninsu.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku. Ku riƙe juna, ku riƙe babanku, bai iya neman takalminsa shi kaɗai ba.

In na farka lafiya, zan yaga takardar nan in karɓi littattafaina. Amma zan yanke lamba ta uku in manna ta a ƙofar ɗakin babanku, kada wata rana baffanku ya shawo kansa.