Koci Ne Ƙarshen Barin Fili

Zuwa ga ƙanena Bahago,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da amaryarmu da ta ƙi tsufa da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a neman da ya kai ka can, ya raya mana zuriya. Mu nan sai godiya. Sabo ne ya sa na ce mu, amma ka sani tun da matar yayanka ta rasu, Allah ya jiƙanta, gidan nan daga ni sai agogon bango, sai kyanwar maƙwabta da ke leƙowa in ta ga dama. 'Yarka ta wajena tana can gidan mijinta, ta yi nauyi, likita ya hana ta doguwar tafiya. Kullum sai ta bugo ta tambaya ko na ci abinci, ni kuma in ce na ci, ko da ban ci ba. Na san za ka ce me ya hana ni kiran ka a waya. In na kira, kana sauri za ka fita aiki, mu gaisa mu yi dariya, mu rabu ban faɗi maganar da ke cikina ba. Shi ya sa na zauna da biro, kuma ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan irin na ɗan aji ɗaya.

Idona ne, Bahago. Yanar ido ta rufe na dama, na hagu ma ya fara bin sahu. A wasanmu na ƙarshe na kakar bana na ji fili ya ɗauki ihu, na miƙe ina tafi da ƙarfina, ashe mu aka ci. Yaran da nake koya wa ƙwallo suka juyo suna kallona, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Likita ya ce za a yi mini aiki ƙarshen watan nan, kuma bayan haka in manta da tsayuwa cikin rana da guje-guje sai bayan dogon lokaci. Da labari ya kai wa hedimastan makarantar da ke ba mu aron fili, sai ya kira ni ofis. Mutumin bai ɓoye mini ba. Ya ce don ni ya bar makullin ƙofar fili a waje, in har ban kawo masa wanda zai iya yarda da shi ba kafin a koma karatu, zai karɓi makullinsa, malamai su riƙa ajiye motoci a wurin. Filin da ni da kai muka tsince wa duwatsu da hannu, ka ji.

To da aka tafi hutu yara suka watse, sai na yi shela ina neman 'yan sa-kai da zan koya wa aikin koci. Ranar farko sun taru kamar za a raba wani abu, da suka ga babu ko ruwan sanyi sai suka riƙa zarewa, aka bar ni da mutum uku. Akwai Tela na bakin titi, akwai Dogo mai burodi, sai Bakanike, wanda ke gyaran babur a bayan kasuwa. Dukkansu sun iya ƙwallo, abin da ba su sani ba shi ne iya ƙwallo daban, koya wa yaro daban. Tunda babu yaran da za su gwada a kansu, sai ni na zama yaron. Ka hango yayanka da furfura da gilashi, yana zagaye robobin ruwa da muka cika da yashi, yana faɗuwa da gangan, yana kai ƙarar wane ya ture shi. Ina koya musu su tsuguna in za su yi wa yaro magana, su ba da ruwa kafin a nema, kada su karɓe ƙwallo daga ƙafar yaro don su nuna gwaninta. Tela in ya fara bayani sai yaro ya yi gyangyaɗi a tsaye. Dogo kuwa da ƙwallo ta taɓa ƙafarsa ya manta da kowa, har ni ya taɓa yankewa ya buga a raga yana murna. Shi Bakanike matsalarsa baki. Wata rana na zubar da fasin, ya daka mini tsawa yana tambayar ko ƙafar katako gare ni, sannan ya tuna da wa yake magana ya hau ba ni haƙuri. Na ce masa ni zan haƙura, amma yaron da ya yi wa haka gobe ba zai dawo ba. Gaskiya tun ranar na cire shi daga raina.

Ka tuna dokar nan tamu, wadda kai ma ka fi ni tsanantawa a kanta, cewa koci ne ƙarshen barin fili. Ko ruwa ake yi, ba ya tafiya sai ya ga an zo an ɗauki yaro na ƙarshe, ko ya raka shi gida da kansa. Na faɗa musu wannan tun farkon zuwansu, suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na ce bari in gwada su. Kafin mu fara na gaya musu cewa yau ni yaro ne daga shigowa har fita, kada wanda ya kira ni Koci. Da aka tashi atisaye sai na ɗauki jakata na je na zauna a bencin bakin ƙofa, ina kaɗa ƙafa, ina leƙen hanya, irin na yaron da ba a zo ɗauka ba. Suka kwashe robobi, suka naɗe raga, suka kai ɗakin ajiya tsaf, ban da abin cewa. Daga nan Tela ya zo ya ba ni hannu ya ce sai gobe. Dogo ya yi mini ya jiki ya wuce. Bakanike ya ɗaga mini hannu daga kan babur ya ba ta wuta. Ba mugunta ba ce, Bahago. Tun suna yara a kan bencin nan suke bari na, a ganinsu nan ne mazaunina, kuma rashin kunya ne ma wani ya tsaya ya riga ni zama na ƙarshe.

Na zauna. Makulli yana aljihuna, babu abin da ya hana ni tashi in kulle in tafi, amma na kasa. Da farko haushi ne ya cika ni, ina ta shirya yadda zan miƙa wa hedimasta makullinsa in ce na gaza. Can haushin ya sauka ya bar ni da abin da ya fi shi nauyi. Fili ya yi tsit, ciyawa ta tsiro a bakin raga inda gola ke tsayawa, inuwar katangar makaranta tana ta matsowa har ta rufe mini ƙafafu. Na tuna lokacin da ni da kai muke kulle ƙofar nan mu taka zuwa gida muna gardamar wanda ya kamata ya buga gaba, marigayiya kuma tana jiran mu da ruwa a kofi tana cewa mun fi yaran surutu. Sai na lura duk faɗin garin nan babu gidan da wani zai dubi agogo ya ce yau wane ya yi jinkiri. Wallahi kaɗaici ya kama ni a wurin nan irin wanda ban ji ba ko ranar da 'yan gaisuwar rasuwarta suka watse. Na daina kaɗa ƙafa, amma ban daina leƙen hanya ba.

Ina nan zaune sai na ji ƙarar babur. Bakanike ne. Daga baya ya gaya mini har ya kai mahaɗar titi abin ya faɗo masa a rai, ya yi kwana a tsakiyar hanya ana ta zagin sa. Ya kashe babur tun daga nesa, ya tako a hankali, ya zo gabana ya tsuguna, shi da na yi ta fama da shi a kan tsugunon nan. Ya sassauta murya ya ce, "Yaro, wa zai zo ya ɗauke ka?" Na riga na shirya amsa tun safe, zan ce babana yana hanya, in ga ko zai zauna ya jira tare da ni. Amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Babu kowa." Ya kalle ni, ina jin ya gane wasan ya ƙare. Sai ya ɗauki jakata ya rataya, ya ce in tashi mu je shi zai kai ni. Ya tuƙa a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, kuma bai bar ƙofar gida ba sai da ya ga na shiga.

Washegari na ba shi usur da makulli, ranar Litinin na kai shi wurin hedimasta, ya kuma amince. Tela da Dogo za su taimaka masa, kunya duk ta ishe su. Tsawar dai ba ta sake shi gaba ɗaya ba, amma sannu ba ta hana zuwa. An ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ni ga shi ya tsone mini a daidai lokacin da idon ke ciwo. Fili dai ya tsira, yara za su dawo su tarar da ƙofa a buɗe.

Saura maganar da ta sa na ɗauki biro. A asibiti sun ce ranar aikin za a naɗe mini ido, ba za su sallame ni ba sai wani ya zo ya mayar da ni gida. Da ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni wa zai zo, sai na ji na ce ina da ƙane. Ba dole nake yi maka ba, na san nisa, na san aikin mutane kake yi. Bakanike ya riga ya ce zai rufe garejinsa ranar, Allah ya saka masa da alheri, in ba ka samu dama ba shi zai kai ni kuma ba zan riƙe ka a rai ba. Amma ina so in an fito da ni ido a rufe, muryar da zan fara ji ta zama taka.

Ka gai da amarya, ka ce mata har yanzu ina bin ta ziyara. Ka gai da Babban Yaya mai sunan mahaifinmu, da 'Yar Baba, da Auta mai rigima, ka ce ƙwallonsa tana nan na ajiye masa a ƙarƙashin gado. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Yayanka, wanda ke kan benci yana leƙen hanya.