Agogon Bugun Zuciya da Ƙofar Gidan Surukina

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tseren Keke na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ne Sani na Korgom, wanda kuka zaɓa ya tsaya wa garinmu a tseren Tasawa zuwa Mayahi. Na rubuto a fili ne domin maganar ta riga ta zaga kasuwa.

Ranka ya daɗe, tun ina saurayi nake kai buhun gero kasuwa a kan keke cikin rairayi, ban san sai an yi karatu ake taka feda ba. Sai kuka aiko mana mai horarwa, Mushe Lawali, wato Malam Lawali a bakin ƴan boko, da takardunsa da wani agogo mai ƙirga bugun zuciya. Na karɓa hannu biyu.

Na farko, ya hana ni fura kafin gudu, ya ce taliya. Na ci. Ya sa mini ranar hutu, na kwanta da rana tsaka lafiyata lau, maƙwabta suka yi ta shigowa sannu da jiki. Duk wannan na yafe.

Na biyu shi ne abin da ya kawo ni. Mushe ya ce in na fara gudu kada in tsaya sai agogo ya yi ƙara, tsayawa tana ɓata awon zuciya. To hanya ɗaya ce mai ƙasa mai tauri a wajenmu, kuma ta ƙofar gidan Malam Idi ta bi, mahaifin matata Rabi. Tun da na auri ƴarsa ban taɓa wuce shi a kan keke ba. Daga nesa nake sauka, in tuɓe takalmi, in durƙusa. Ran nan na wuce shi fuu, cikin ɗan matsattsen wandon nan da kuka ba mu, da wani abu kamar ƙwarya a kaina.

Da Mushe ya duba agogon sai murna ta kama shi, wai daidai wurin nan zuciyata ta kai inda ake so. Na ce masa tsoro ne da kunya. Ya ce kimiyya ba ruwanta da dalili, gobe in maimaita wurin sau biyar. Ni kuma, don wauta, na maimaita. A na farko Malam ya ɗago kai. A na uku ya ajiye tasbaha. A na biyar ya naɗe tabarmarsa ya shige gida. Kafin in huce ya aiko a kira Rabi, yau kwananta tara ba ta dawo ba. Wallahi ina kewarta, taliyar ma ba ta ciwuwa.

Roƙona biyu ne. A rubuta cikin takardar horo cewa ɗan tsere zai iya sauka ya gai da manya, agogo ya jira. Sannan a turo Mushe Lawali ya raka ni biko, ya yi wa Malam bayanin kimiyyar da bakinsa. Amma ya zo cikin wandon nan, da agogon a hannunsa, mu ga inda tasa zuciyar za ta kai.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya bar ka da surukanka lafiya.

Wassalam.

Sani mai keke, Korgom