Makullin Dogo Yana Bakin Zanena

Zuwa ga ƙanwata, Uwar Biyu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu da nasu 'ya'yan. Allah ya ƙara lafiya, ya sassauta miki ciwon bayan nan. Mu nan sai godiya, gwiwa ce kawai take min tsiya. Maƙwabciyata mai ɗinki ce take rubuta min, na kuma ce mata ko na yi zagi kar ta gyara.

Maganar Dogo ce, ɗan marigayi Yayanmu. Kin san a bayana ya girma. Kin tuna yana ƙarami yadda yake ɓoye makullin ɗakin girki, a yi ta nema har wuta ta mutu, sai ya fito da shi yana murmushi don a ce masa yaron kirki? To ya girma da abinsa, ga gemu, hali na nan.

Autata ta samu aiki na gwaji a asibitin idon da yake aiki. Suka sayo sabon inji, saba suke ce masa, wanda zai riƙe bayanan marasa lafiya duka, wa aka duba, wane magani aka ba shi. Aka ce Auta ta haɗa ta tayar. Ranar ni ma na je a duba min ido, sai ta zaunar da ni a ɗakin injin saboda sanyi. Ɗan ƙuƙut ne, wayoyi ko'ina, abu yana ta huci. Ta zuba masa duk abin da ake zubawa, ta danna, ya yi kamar zai tashi, ya koma ya kwanta. Ta sake, haka. Ta goge komai ta faro daga farko, haka. Mutane sun cika baranda da auduga a ido, babban likita yana leƙowa yana duba agogo. 'Yata gumi har wuya a cikin wannan sanyi.

Dogo yana jingine a bakin ƙofa da kofin shayi. Ta ce Yaya ko ka taɓa wani abu a ciki? Ya rantse ko kusa bai je ba. Da likita ya dawo sai na ji da kunnena Dogo ya ce masa, "Ai na faɗa muku, yarinya ce. A bar min, yanzu zan tayar."

Auta ba ta tashi daga kujerar ba. Ashe injin idan ya ƙi tashi yana rubuta kukansa a wani wuri. Ta bi ta karanta a hankali. Yadda ta fassara min, akwai ɗakin da injin zai zuba kayansa a ciki, to tun kafin ta zo wani ya riga ya buɗe ɗakin da sunansa, ya hana kowa shiga, har injin. Sunan wa? Na Dogo. Ta mayar wa injin ɗakinsa, ta danna sau ɗaya, ya tashi garau. Na ce ashe makullin ɗakin girki ne ya dawo.

Kin zaci an gode mata? Likita ya ce shi ba ya son rigimar dangi a wurin aikinsa, ya sallame su su biyu. Auta tana gida, ta rame, wai ta yafe. Ita ta yafe. Ni ban yafe ba, kuma ba ni da niyya.

Yanzu na ji Dogo yana shirin zuwa wurinku, wai kamfanin maigidanki na neman mai haɗa irin wannan inji. Kar ki hana shi zuwa. Ya zo, ki ba shi ruwa, ki shimfiɗa masa tabarma, ya gama zuba da yabon kansa. Sannan a kira Auta a waya a gabansa, a ce mata ta haɗa kaya, aikin nata ne. Ki duba min fuskarsa da kyau, don ina son ki ba ni labari dalla-dalla. In kin tausaya masa, ni da ke ne.

Ki gaishe min da maigidanki, da 'yan biyu, da takwarata mai kuka. Auta ba ta san da wasiƙar nan ba.

Af, ɗakin Dogo na nan gidan, da kayansa da takardun makarantarsa, na garƙame da sabon kwado. Ya zo jiya yana tambaya, na rantse masa ko kusa ban je ba. Makullin yana ƙulle a bakin zanena.

Yayarki ce.