Matakalar da Mama Ta Goge

Montverand, Litinin

Yaya Odile,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar?

Yaya, na iso! Ɗana Thibaut, ɗan albarka, mako guda ya kama min ɗaki a gidan sarautar nan da aka mayar otal. Gidan da muka yi aikatau, yau ni ake ce wa Madam! Gadon zai ɗauki mutum huɗu. Ta taga ina hango gonakin inabi, masu tsinka sai waƙa suke.

Amma na yi abin kunya. Ƙafata ta saba, ta ƙofar kicin na shiga. Mai karɓar baƙi yana can gaba yana jirana da kofin ruwan inabi, ni kuwa ina taya kuku ɓare albasa.

Taki,
Solange

Dijon, Laraba

Solange,

Ina amsawa. Gwiwa tana nan da halinta.

Albasa! Ke dai ba a raba ki da wahala. Saurara. Shekara talatin Mama tana durƙushe tana goge babbar matakalar gidan nan, ba ta taɓa hawanta ba sai da bokiti. Mu ma ta lungu muke bi. Ni ba zan ƙara hawa matakala ba, ke kika rage mana. Ki sauko ta tsakiyarta, ido na ganin ido. In kin kasa, kar ki dawo min da labarin gado.

Ki huta lafiya.
Yayarki

Montverand, Juma'a

Yaya,

Barka da hutawa. Na yi! Jiya aka gama tsinkar inabi, aka yi liyafa, zaure cike da baƙi. Na sa shuɗiyar rigata na sauko ta tsakiya. Sai da na kai ƙasa wani Ba'amurke ya ɗora min kofinsa, ya ce, "Na gode, Mama." Na duba, ashe farantin karin kumallona ne a hannuna, na sauko da shi don kar a wahalar da ma'aikata.

Amma ai na sauko, ko?

Solange

Dijon, Asabar

Solange,

Gaisuwa. Wannan aiki kika yi, ba saukowa ba. Koma sama, ki sauko hannu sake.

Odile

Montverand, Lahadi

Yayata,

Ina gaisuwa. Na sauko da safe. Na rasa inda zan sa hannuwana, sai na dafa katakon gefen. Yaya, santsi gare shi kamar sabulu. Mama ta iya aiki. A tsakiya na zauna na sha kukana, kuma ba wanda ya ce in tashi.

Sai na zo.
Ƙanwarki