Takardun Zainabu Ba Su Kai Gaban Alƙali Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban da ke kula da kotunan iyali da na yara a wannan shiyya tamu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina roƙon ka daure ka karanta wannan takarda har ƙarshe. Na rubuta ta a fili ne don sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mini kana Damaturu.

Sunana Hadiza, malamar firamare ce ni a unguwar Dogo Nini. Zainabu 'yar yayata ce. Mahaifinta direban tirela ne da ke kai shanu kudu, ya rasu a hatsarin mota. Ba a yi shekara ba yayata ma ta bi shi. Zainabu ta dawo hannuna tana da shekara takwas, kuma tana da ciwon sikila. In ya tashi, gaɓoɓinta sai su riƙe, ba ta iya ko juyi, sai an kai ta asibiti an sa mata ruwa, wani lokaci har da jini.

Baffanta, Malam Buba, makiyayi ne a wata ruga can bayan Gadaka. Ya kai ƙara yana neman riƙonta, ya ce ina auren wanda ba danginta ba, kuma ɗaki ɗaya muke haya. Bai yi ƙarya ba. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Likitan da ke duba ta ya rubuta cewa kada a nesanta yarinyar nan da asibiti. Da hannuna na miƙa wa magatakardan kotu. Daga baya na ji an sa takardar cikin fayil ɗin rabon gadon mahaifinta, domin sunan ɗaya ne a saman fayilolin biyu.

Na biyu. Jami'ar jin daɗin jama'a ta zo gidana, ta hau mota ta je har rugar, ta ga hanya da idonta, ta rubuta rahoto. Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro jiharmu ba, ana ta yi wa ma'aikata canjin wuri. Kafin ranar zama aka ɗauke ta. Wanda ya gaje ta ba a faɗa masa akwai wannan shari'a ba, rahoton yana kulle cikin durowa.

Na uku. Ranar zama Zainabu tana kan benci a waje, riƙe da jakar makarantarta. Ba wanda ya kira ta. Na ce wa alƙali ba ta da lafiya, ya nemi shaida, na ce tana cikin fayil. Aka buɗe, babu. Ya yanke hukunci da abin da ke gabansa, ya ba baffanta ita.

Wata biyar ta yi a can. Tsakiyar damina ciwon ya tashi, rafi ya cika, mota ba ta shiga. Kwana biyu suna ba ta jiƙo, a na uku suka ɗora ta a amalanken shanu. Ba su kai bakin titi ba rai ya yi halinsa. Ina cikin aji ina koyar da lissafi aka zo aka faɗa mini, an riga an binne ta.

Ranar sadakar uku Malam Buba ya zauna a ƙofar gidana yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce shi ya ɗauka sanyin ƙashi ne, da wani mai ilimi ya yi masa bayani da bai ɗauke ta ba. Na yarda da shi. Mutuwa ta Allah ce, na sani. Amma likita ya yi aikinsa, jami'a ta yi nata, alƙali ya yi nasa, kuma ko sau ɗaya ba su zauna sun yi magana da juna ba.

Saboda haka ina roƙo. Kada a yanke hukuncin riƙon yaro sai an karanta rahoton jami'in jin daɗin jama'a a gaban kowa. In yaro yana da ciwo, a kira likita ya yi bayani da bakinsa, cikin harshen da dangi ke ji. Ma'aikacin da aka canza kuma ya miƙa shari'o'in da ke hannunsa kafin ya tafi.

Ranka ya daɗe, akwai abin da ban faɗa ba tukuna. Zainabu tana da ƙanwa, Bilkisu, wadda kotu ta bar mini saboda ƙuruciya, da sharaɗin in ta cika bakwai ta koma wurin dangin uba. Bayan babbar salla za ta cika, kuma ita ma ciwon ne da ita. Malam Buba ya yarda ta zauna, amma ƙannensa sun ce hukunci yana nan. Ina roƙon a sake zama, da likita a ciki.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuriya, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

Wassalam.
Malama Hadiza, Dogo Nini, Potiskum.