A Fito Mana da Makara Daga Ɗakin Janareta

Zuwa ga Alhaji Mande, Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Garinmu, da sauran 'yan kwamitin Gidan Jama'a, na gida da mazauna Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a, wadda aka ce kuna yi.

Ni ne Labbo masassaƙi na Unguwar Marina, mijin marigayiya Hajo. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Maƙwabcina Malam Ummaru, wanda ya aje aikin koyarwa, shi ke riƙe da alƙalami, kuma na gargaɗe shi: baƙi nasa ne, magana tawa ce, kada ya sa mata zuma. Na ce a yi takarda biyu, ɗaya a kai maka, ɗaya a karanta wa jama'a in an sauko daga Juma'a, don abin da aka yi mini ba a ɓoye aka yi shi ba.

Alhaji, na san ka tun kana yi wa mahaifinka Buba zuga a maƙera, hayaƙi na sa ka hawaye. Yau kai babba ne, Allah ya ɗaukaka ka, ba na ja da wannan. Amma ka saurara.

Na ɗaya. Ina so in tuna muku abin da ke wurin nan kafin ku zuba siminti, don na ga alamar kun manta. Zauren Gayya ne. Iyayenmu suka gina shi ba da daɗewa ba bayan jirgin ƙasa ya iso Kaura, ina ɗan ƙarami ina ɗebo musu ruwan kwaɓa. Ginin ƙasa ne, ba wani kyau gare shi ba, da damina ma yakan yi yoyo ta kusurwar gabas. Amma ba shi da ƙyaure. Ba mantuwa aka yi ba, dattawa ne suka ce abin kowa ba a yi masa marfi. A ciki ake aje makara, da diga biyu, da shebur, da babbar tukunyar da ake ara ranar suna. Baƙon da rana ta faɗi masa a hanyar Zurmi nan yake kwana. Maɗori nan yake zama ranar kasuwa, mai karaya ya san inda zai same shi. In an gama kai hatsi rumbu, kowace unguwa ta san bangonta: Marina gabas, Maƙera yamma, Mahauta kudu, mutanen Tudu arewa da rufi. A yi yaɓe rana guda, mata su kawo fura, a sha a watse. Ba shugaba, ba sakatare, ba mai gadi. A tsawon raina abin da na san ya ɓace a zauren nan igiyar guga ce guda ɗaya, ita ma daga baya aka gane akuya ce ta tauna ta.

Makarar da ke ciki ni na sassaƙa ta, bayan tsohuwar ta karye a shekarun fari. Digar nan biyu babanka ya ƙera su, ya ce sadaka ce, kada wanda ya ba shi ko anini. Gwadon da ake lulluɓa wa gawar mata kuwa, Hajo ce ta kaɗa zarensa da hannunta, rani biyu tana kaɗi kafin ya isa a kai wa masaƙi.

Na biyu. Da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu jiharmu, kuka zo da motoci kuka ce sabuwar jiha sai da sabon abu. Za ku rushe zaure ku gina Gidan Jama'a, mai ɗakin taro, da ɗakin shan magani, da ajin yaƙi da jahilci, da ma'ajiya. Dattawa suka ƙi. Ni ne wawan da ya miƙe ya ce a ba yara dama, ai ɗiyanmu ne, sun ga duniya. Ni na fara dangwala yatsa a takardarku, sauran suka biyo ni don suna ganin furfurata. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa, kuma shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, gini ya yi kyau. Kwano ba ya yoyo. Shekarar farko malamar asibiti tana zuwa duk Alhamis tana duba masu ciki, mata sun ji daɗi ƙwarai. Amma ranar da aka buɗe shi, jama'a na tafi, ni kwaɗo nake kallo: na ƙofar waje, na ɗakin taro, na ɗakin magani, na ma'ajiya. Na tambaya, aka ce mini, Baba, akwai janareta da lasifika da kujerun roba, dole a tsare. Na ce to makara fa? Aka ce tana ciki tare da su, ita ma a tsare take. Kuka shafa mata koren fenti, kuka rubuta sunan ƙungiya a gefenta, Malam Ummaru ya karanta mini. Tir! Wa kuke tsoron ya sace makara? Wa ya taɓa ganin an kasa makara a kasuwar Shinkafi ana taya ta?

Daga nan gayya ta mutu. Siminti ba ya son yaɓe, mutum kuma ba ya share gidan da ba ya iya shiga. Malamar asibiti ta zo sau biyu ta iske ɗaki a kulle, ba ta sake dawowa ba. Ajin yaƙi da jahilci jemagu ke karatu a cikinsa. Yanzu sai in babban baƙo zai zo ake buɗe gida, a yayyafa ruwa, a jera kujeru, a ɗau hoto, a mai da kwaɗo.

Duk wannan na haɗiye shi. Ga wanda ya ƙi haɗiyuwa.

Na uku. Hajo ta cika wata Talata da hantsi, cikin bazarar da ta wuce, a tsakiyar zafin nan da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Shekara hamsin da 'yan kai muna tare. Mata suka yi mata wanka, aka gama sutura tun rana ba ta take tsaka ba. Mazan unguwa suka tafi ɗauko diga da makara. Tanko mai gadi ya buɗe musu ƙofar waje, ya ce iyakarsa ke nan, makullin ma'ajiya yana hannun sakatarenku Malam Nasiru, shi kuwa a Kaura yake aiki, can yake kwana sai ƙarshen mako. Aka tura ɗan kabu-kabu Kaura. Ya iske an ce ya tafi Gusau taro, sai jibi. Makulli na aljihunsa.

Ni duk ban sani ba. Ina zaune a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, in na tambaya sai a ce mini ana nan ana haƙa. Sun ji kunyar faɗa mini. Ashe da fartanya da galma suke kartar ƙasar bazara, wadda diga ma sai da gumi take shigarta. Suka yi ta ɗebo ruwa suna jiƙa ramin suna jira ya tsuma. Azahar ta zo ta wuce. Kowa ya san abin da zafi ke yi wa gawa. Ba zan faɗe shi a takarda ba, matata ce. Garin da ke kusa da mu suna da makara, amma tafiya ce mai nisa, makara kuwa ba ta hawa babur.

Sai da la'asar ta kawo jiki na ga an zo ana zare kara daga darnin gidana, karan bara wanda gara ta fara ci. A nan na ji gaskiyar magana, lokaci kuwa ya riga ya ƙure. Suka ɗaure karan da igiya, a kansa aka ɗora Hajo, aka lulluɓa mata zanen ƙanwarta. Sau biyu yana lanƙwashewa a hanyar maƙabarta, sau biyu ana sauke ta a ƙasa a gyara ɗauri, ina tsaye ina kallo. Ta gaban Gidan Jama'a muka wuce, fentinsa na ƙyalli, gwadon da ta kaɗa yana ciki an ɗora shi bisa kujerun roba.

Na huɗu. Za ka ce mi ya hana a ɓalle kwaɗon? Ni ma abin da na tambaya ke nan. Tsoro ne. Ranar da aka tsayar da Shari'a na yi kabbara, kuma har gobe ina kan bakana. Amma tun daga lokacin magana ta bazu cewa duk wanda ya ɓalle kwaɗo ya shiga ma'ajiya, hannunsa ya tafi. Liman ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar, ya ce wannan ba sata ba ce, kayan jama'a ne, gawa kuwa hakkinta a gaggauta. Kowa ya ce haka ne, Allah gafarta Malam, amma ba wanda ya ɗaga guduma. Wani ya ce in janareta ya ɓace gobe, wa za a kama? Tanko ya ce shi an gargaɗe shi, ba izini ba buɗewa, kuma yana da bakin ciyarwa da yawa. Ban ga laifinsu sosai ba. Ku ne kuka rubuta a bango da jan fenti cewa duk wanda ya taɓa kayan ƙungiya zai gamu da hukunci. Shari'ar da ta ce a gaggauta kai mamaci makwancinsa, ita kuka mai da dodon gadin kujera. Wannan ba aikin Shari'a ba ne, aikinku ne, kada ku laɓe a bayanta.

Kuna zama da manyan malamai a Gusau. Ka tambayar mini su wagga mas'ala: mutum ya ƙera diga ya ce sadaka ce, duk kabarin da aka haƙa da ita lada na iske shi a kushewarsa. Ɗansa ya girma ya zo ya kulle ta. Ladan Talatar nan, wa ya tare wa Buba shi?

Na biyar. Ranar addu'ar uku kuka aiko mini da buhun shinkafa da takardar ta'aziyya mai tambari. Shinkafar na sa an kai wa Tanko. Malam Nasiru ya zo ya durƙusa ya ce in yi haƙuri, tsautsayi ne, kwamiti zai zauna ya duba yiwuwar yanka makulli na biyu. Damina ta zo ta wuce, an yi girbi, kwamiti bai zauna ba. A tsakani an yi rasuwa uku. Biyu sun faɗo Asabar da Lahadi, Malam Nasiru yana gari. Ɗaya jariri ne, a hannu aka ɗauke shi. Wato yanzu ɗan garin nan sai ya duba ranar hutun ma'aikata kafin ya mutu? Kai, wanga abu da ƙazanta yake.

Kuma ku sani, ba makulli na biyu nake nema ba. Mai riƙe da na biyun shi ma yana zuwa kasuwa, yana zuwa gona, yana ciwo, yana mutuwa.

Ga abin da nake roƙo.

A fito da makara, da diga, da shebur, da gwado, da tukunya. A ba mu jikin bangon gabas ta waje mu kafa musu rumfa marar ƙyaure. Itacen ina da shi, mutanen Marina sun ce su za su yi rufi. Janareta kuwa ku sa masa kwaɗo goma in kuna so, naku ne.

A kankare sunan ƙungiya daga jikin makara, a kuma goge jan rubutun nan na bango. Wanda aka ɗauka a kanta ba ɗan ƙungiya ba ne, baƙon Allah ne.

A riƙa barin ɗakin taro da ɗakin magani a buɗe da rana, a mayar wa kowace unguwa da rabonta na shara da gyara bayan kaka, kamar da. In kuna son wanga gida ya kai jikokinku, ku bar mutane su yi masa gumi. Ƙungiya takan mutu in masu ita sun gaji ko sun yi faɗa, unguwa ba ta mutuwa.

Kuma kai da kanka nake son gani, ba takarda mai tambari ba.

Na ba ku Juma'a biyu daga ranar da aka karanta wannan. In sun wuce kwaɗo na nan, Asabar da hantsi zan ɗauki gudumata in tafi, a idon kowa, Liman da Mai Gari na gayyace su su zama shaida. Ba zan taɓa kujera ko ɗaya ba. Abin da na sassaƙa, da abin da Buba ya ƙera, da abin da Hajo ta kaɗa, su zan fitar. In kun ga a kai ni gaban alƙali, ku kai ni, ina da abin faɗa masa. Ba jarumta ke damuna ba, Alhaji. Ƙafafuna sun fara kumbura, tafiyar masallaci sai na huta sau biyu, na san abin da hakan ke nufi. Ba na son ɗiyana su tsaya a ƙofar ma'ajiya suna kallon juna ina kwance a rana.

Allah shi ba ka lafiya, shi tsare ka a hanyar Gusau, shi shirya maka zuri'a, shi jiƙan mahaifinka da Hajo da sauran magabatanmu. Allah shi nuna muku gaskiya, shi ba ku ikon bin ta. Ranar da taka ta zo kuwa, bayan tsawon rai, Allah shi sa a ɗauke ka a kan lokaci, ba sai an tafi neman kowa ba.

Wassalam.

Labbo masassaƙi, Unguwar Marina.